Daga Amawali Zuwa Takunkumi: Asalin Kalmar "Mask" da Takwarorinta a Hausa



Abin da zan yi magana a kansa yau kalma ce guda ta Ingilishi mai harafi huɗu, watau "mask". Kafin shekarar 2020 ba kowa ya damu da ita ba a birnin nan na Katsina, in banda likitoci da ma'aikatan ɗakin tiyata. A ƙarshen watan Fabrairu na wannan shekara aka sami mutum na farko mai cutar korona a Ikko, kuma daga 4 ga watan Mayu gwamnatin tarayya ta wajabta rufe baki da hanci a bainar jama'a. Sai ya zama tilas masu fassara a gidajen rediyo da ma'aikatun lafiya su samo wa abin suna cikin 'yan kwanaki. Sunan da ya fi bin jama'a shi ne "takunkumi". A ganina wannan zaɓe ya cancanci a sake dubansa, amma ba za mu iya auna shi ba sai mun bi kalmar Turancin har tushenta.

Ingilishi ya aro ta daga Faransanci a farkon ƙarni na 16, Faransawa kuwa daga Italiyanci suka karɓo, inda ake cewa "maschera". Daga nan sawu ya rabu biyu. Wasu masana suna kai ta ga kalmar Latin ta tsakiyar zamani, "masca". Wannan ta fito a cikin dokokin da Rotari, sarkin Lambadawa na ƙasar Italiya, ya kafa a shekarar 643, inda aka hana kashe baiwar wani bisa zargin wai ita "masca" ce, watau mayya. Wasu kuma suna kai ta ga Larabci, "maskhara", ma'ana abin ba'a, ko wawan da ake yi wa dariya. Saiwarta ita ce wadda ta zo a aya ta 11 ta Suratul Hujurati, inda aka hana wasu mutane yi wa wasu izgili. Gardamar ba ta ƙare ba har yau, kuma akwai masu ganin kalmomin biyu sun gamu ne a bakin mutanen gaɓar Bahar Rum suka narke. Ko wanne aka ɗauka dai, abu ɗaya ne a ƙarƙashi: fuskar ƙarya, wadda mutum ke sawa don a ɗauke shi abin da ba shi ba ne. Daga wannan gida kalmar "masquerade" ta fito, haka ma "mascara", kwallin gashin ido da matan Turawa ke shafawa.

Ma'anar kariya daga baya ta zo. A shekarar 1897 wani likitan tiyata a Bireslau, Johann von Mikulicz, ya fara ɗaura ƙyallen bandeji a baki yayin aiki, bayan abokin aikinsa Carl Flügge ya nuna cewa ɗigon yawun da ke fita wajen magana yana ɗauke da ƙwayoyin cuta. A annobar da ta auka wa Manchuriya a 1910 zuwa 1911, likita Wu Lien-teh ya sa ma'aikata da jama'a suka riƙa ɗaura irinsa. Ta haka sunan mayya da wawa ya zama sunan kayan asibiti, kuma Bature bai ji wani bambaraƙwai ba, domin kalmar ta riga ta tsufa a bakinsa, ta zama sunan duk abin da ke tare fuska.

To, mu fa? Bahaushe ba shi da kalma guda da ta tattara wannan duka. Wannan ba talaucin harshe ba ne. Dalilan rufe fuska ne suka bambanta a wurinmu, kowanne da sunansa.

Mafi kusa da tsohuwar ma'anar Turancin shi ne burtu. Maharbi yakan ɗaura kan wannan tsuntsu a goshinsa, ya duƙa yana rausaya kamar mai kiwo, har ya kusanci naman daji. Akwai kuma dodo, da shigar da yara kan yi a wasan tashe cikin watan azumi, da gemun auduga da tsummoki. Fatake Hausawa ma sun kai irin wannan wasa Wagadugu a ƙarni na 19, inda har ya zama bikin yara masu fuskokin dabbobi, sunansa kuwa bai sake ba, Dodo. Mata suna da lulluɓi da mayafi, sai nikabi da muka aro daga Larabci.

Amma inda nake so in daɗe shi ne kan amawali. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Soro ran hawan Salla ya ga Sarki da hakimansa, kowa ya ja wani sashe na rawaninsa ya rufe haɓa da baki, wani lokaci har hanci. Wannan shi ne amawali. Kalmar daga Buzaye muka same ta, domin a harshensu "amawal" shi ne gefen rawanin da ke sauka a goshi, da wanda ke hawa kan baki. Ba abin mamaki ba ne. Katsina ita ce mashigar ayarin Azbin da Agadas shekaru aru-aru, ta wannan hanya kuma takobi da takarda suka shigo harshenmu. Shi kansa Heinrich Barth tare da ayarin gishirin Azbinawa ya iso garin nan a farkon 1851, zamanin Sarki Muhammadu Bello. Cinikin kuwa bai tsaya gefe guda ba: baƙin rawanin nan mai ƙyalli da Buzu ke alfahari da shi, a marinar Kura ta ƙasar Kano ake rina shi a buga, shi ya sa muke ce masa ɗan Kura. Mun ba su zane, sun ba mu suna.

Al'adar ta girmi Barth nesa ba kusa ba. Al-Bakri, wanda ya rubuta littafinsa a Andalus a 1068, ya bayyana yadda mazan Sanhaja na hamada ba su rabuwa da lisami, watau amawali da Larabci. Daga cikinsu aka sami daular Murabiɗuna, waɗanda suka gina Marrakesh suka mulki Andalus, har Larabawa suka yi musu laƙabi da "masu lisami". Abin ya zama alamar mulki ƙwarai, ta yadda Ibn Abdun, wanda ya rubuta littafin hisba na birnin Ishbiliya a farkon ƙarni na 12, ya nemi a hana barori da sojan haya ɗaura shi, domin suna fakewa da shi jama'a na girmama su a banza. Abokin gabarsu Ibn Tumart kuwa gori ya yi musu da shi, ya ce mazansu sun yi shigar mata. Kun ga ke nan ƙyalle guda, wani ya gan shi sarauta, wani ya gan shi abin kunya.

Me ya sa basarake ke rufe baki? Ƙura da iskar hunturu suna ciki, amma ba su ne duka ba, tun da a zaure ma ana ja. Baki shi ne ƙofar magana da ci da dariya, abubuwan da ba a son talaka ya ga babba yana yi barkatai. Mai amawali ba ya ɓoye ko shi wane ne; kowa ya san shi, rawanin ma shi ke shelar matsayinsa. Abin da yake tsarewa shi ne kwarjini. Nan ne ya yi hannun riga da "mask" ta asali.

Yanzu mu koma ga takunkumi. Kowane ɗan ƙauye ya san shi. Shi ake sa wa ɗan maraƙi kada ya tsotse nono, a sa wa jaki ko raƙumi kada ya yi ɓarna a gonar mutane, a sa wa kurar gardi kada ta yi cizo. Da 'yan jarida suka buƙaci sunan matakin da ƙasashe ke ɗauka don matsa wa wata ƙasa, kamar yadda aka yi wa Rodeshiya da Afirka ta Kudu, shi suka ɗauko, kuma ya dace, domin horo ne. Saboda haka a 2020 kalmar ta zo wa mai sauraro da kaya biyu a kanta: dabba da hukunci. Aka ce wa dattijo mai shekara 70 ya sa takunkumi kafin ya shiga masallaci ko banki. Ba na cewa kalma ce kaɗai ta sa mutane da yawa suka rataye abin a haɓa, ko suka cusa shi a aljihu sai sun hango jami'i. Akwai zafi, akwai tsada, akwai masu shakkar cutar kanta. Sai dai wanda ke shakka, in ka kira shi da sunan da ake kiran jaki, ka ƙara masa hujja.

Adalci ne in ambaci cewa ba mu kaɗai muka bi wannan hanya ba. Larabawa suna kiran abin "kimama", wadda asalinta ita ma abin da ake ɗaure bakin raƙumi da shi ne. Kuma mai fassara yana iya kare kansa da cewa takunkumi ya fi kama da abin a siffa, da igiyoyinsa da yadda yake kame baki da hanci, ga shi kuma yaro da babba sun san shi. Wasu ma suna iya cewa amawali na sarakuna da malamai ne, bai kamata a ba mace ko talaka ba. Wannan hujja ta ƙarshe ita ce mafi ƙarfi, amma harshe ya saba da irin wannan saukowa. Sarki na gari ne, duk da haka muna da sarkin pawa da sarkin tasha, ba wanda ya ce an ci zarafin fada.

Wasu gidajen rediyo sun kauce wa matsalar da dogon bayani, suna cewa "ƙyallen rufe baki da hanci". Ba laifi a cikinsa, illa dai ba ya zama a baki, kuma abin da bai zauna a baki ba kasuwa ba ta ɗaukarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci kan korona a watan Mayu na 2023, amma ƙyallen bai tafi ba. Ɗan acaba yana sa shi saboda ƙurar hunturu, mai shara da mai niƙa suna sawa, ma'aikacin asibiti kuwa dama nasa ne. Ku da ke rubuta sanarwar ma'aikatu, da ku ɗaliban da za ku gaje su, kalmar "amawalin asibiti" tana nan ba a gwada ta ba tukuna.