Jirgin Rigasa da Sharuɗɗan Bashin da Ya Gina Shi

Daga nan Rafin Guza nake magana, kuma yau zan ɗauke ku zuwa tashar Rigasa, mu duba kuɗin da ya shimfiɗa layin dogon Abuja zuwa Kaduna.

A watan Disambar 2010 Najeriya ta sa hannu kan rancen dala miliyan 500 daga bankin Exim na ƙasar Sin, bankin gwamnati ne da aka kafa don tallafa wa kamfanonin ƙasarsu a ƙetare. Ruwan bashin kashi 2.5 cikin ɗari ne, za a biya cikin shekara 20, kuma shekara 7 na farko ba a taɓa uwar kuɗi. Gaskiya da sauƙi, in ka kwatanta da bashin kasuwa.

To amma fa akwai sharaɗi. Irin wannan rance, kamfanin ƙasar da ta bayar shi ke yin kwangilar. Shi ya sa CCECC ya yi aikin, kilomita 186 daga Idu zuwa Rigasa, Najeriya kuma ta cika ragowar kuɗin daga aljihunta. Buhari ya buɗe layin ranar 26 ga Yulin 2016.

Kada ku ɗauka Sin ce ta fara wannan salo. Tun 1929 Ingila ta yi dokar raya ƙasashen da take mulka, kuma dokar ba ta ɓoye ba: ana so kuɗin ya farfaɗo da cinikin Ingila da masana'antunta. Ni abin da na fahimta ke nan, mai ba da bashin raya ƙasa gidansa yake fara dubawa.

A 2020 rigima ta tashi a Majalisar Wakilai. Kwamitin Nicholas Ossai ya tono wani sashe a wata yarjejeniyar rance da Sin, inda Najeriya ta yarda ba za ta fake da rigar kariyarta ta ƙasa ba in an kai ta gaban masu sasanci. Wasu suka ce an jinginar da ƙasa. Ministan sufuri na lokacin, Rotimi Amaechi, ya ce sharaɗi ne da aka saba sa wa don mai kuɗi ya samu hanyar karɓar haƙƙinsa.

Ga inda abin ya shafe mu kai tsaye. Bayan harin 28 ga Maris 2022, jirgin ya tsaya cak sai Disamba. Babu tikiti, babu kuɗin shiga, amma bashin na nan, kuma da dala ake biyansa. Duk faɗuwar naira ƙarin nauyi ne a wuyanmu.

Yanzu ga layin Kaduna zuwa Kano. Da kuɗin Exim ya ƙi fitowa, sai aka koma Bankin Raya Ƙasa na Sin, wanda ya saki kason farko a farkon 2025. Matasa, tambayar da ya kamata mu riƙa yi wa wakilanmu ita ce: nawa ne ruwan, shekara nawa za a biya, kuma wa ya karanta takardar kafin a sa hannu?

Ku ajiye ra'ayoyinku a ƙasa. Sai mun haɗu a shiri na gaba.