Lambar yabon farar hula da waɗanda ba ta kai gare su ba

Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, jarumtar yaƙi a idon Birtaniya ta soja ce. Babbar lambarsu, Victoria Cross, wadda aka ƙirƙira a 1856, sai wanda ya yi gaba da gaba da abokan gaba ake ba wa. Jiragen Jamus ne suka rushe wannan tsari. Daga 7 ga Satumba 1940 suka shiga yi wa Landan luguden bama-bamai dare bayan dare, kuma kafin ruwan wutar ya lafa a watan Mayu 1941 farar hula sama da 40,000 sun mutu a biranen ƙasar. Fagen fama ya dawo cikin unguwa, masu tsayawa a cikinsa kuwa 'yan kwana-kwana ne da direbobin motar asibiti da masu tono mutane daga ɓaraguzai. A ranar 24 ga Satumba 1940 Sarki George na Shida ya kafa lambar George Cross da ƙanwarta George Medal, musamman don farar hula. Cikin waɗanda aka fara ba wa akwai Thomas Alderson na garin Bridlington, wanda ya riƙa kutsawa ƙarƙashin gine-ginen da suka rufta yana fito da masu sauran numfashi.

Wasu na ganin duk wannan dabarar gwamnati ce kawai, a rataya wa mutum azurfa don jama'a su ƙara haƙuri da wuta. Akwai gaskiya a ciki, domin lokacin da aka ba tsibirin Malta dungurungum lambar George Cross, a 15 ga Afrilu 1942, mutanen can suna fama da yunwa ga bama-baman Jamus da Italiya, kuma Landan na tsoron su karaya. Amma da abin yaudara ce zalla, da Maltawa sun yar da ita ranar da suka sami 'yancin kai a 1964. Har yau tana kan tutarsu. Matsalar lambar tana wani wuri dabam. An tsara ta ne don aikin bajinta wanda aka gani da ido, aka sami shaidu, wani babba ya rubuta rahoto. Shi ya sa ma, duk da an yi ta ne musamman don farar hula, sojoji masu kwance bama-bamai suka kwashe kaso mai yawa. Alhali yawancin hidimar da farar hula suka yi wa yaƙin wahala ce ta yau da gobe, wadda ba ta da ranar da za a nuna a ce ga abin da wane ya yi.

Za a iya cewa ai an toshe wannan giɓi da Defence Medal ta 1945, wadda ta haɗa da ma'aikatan kare farar hula da suka cika shekara uku. To, amma sai wanda sunansa ke cikin ƙungiyar da hukuma ta amince da ita. Samari kimanin 48,000 da aka tura ramukan kwal tun daga ƙarshen 1943, da yawansu ta hanyar ƙuri'a, waɗanda ake kira Bevin Boys, ba su sami komai ba sai a 2008, da aka ba waɗanda suka rage baji. Su ma sun fi wasu sa'a. Bayan Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Birtaniya ta rasa babbar mahaƙarta ta kuza, sai ta juyo kan Filato. Tsakanin 1942 da 1944 an kwashi talakawa kusan 100,000 daga lardunan Arewa, ta hannun hukumomin En'e, aka kai su aikin tilas a filayen kuza na Jos. Sanyin dutse da ƙarancin abinci da cuta sun kashe da yawa, wasu suka gudu. Kuzar da suka haƙa ta tafi masana'antun yaƙin Birtaniya, amma da aka zo rabon lambobi ba a lissafa da su ba, domin a takardun hukuma leburori ne da hakimi ya kawo don cika adadin da aka ɗora wa gundumarsa.