Ma'aunin Gano Ciwon Afendis a Yara

Ma'aunin gano ciwon afendis jadawali ne da likita ke bi yana ba kowace alamar ciwo maki, domin ya tantance yaron da za a yi wa tiyata da wanda za a ci gaba da lura da shi. Yana da amfani a sashen gaggawa, domin ƙaramin yaro ba ya iya bayyana inda ke masa ciwo, jinkiri kuma kan sa afendis ya fashe.

Alfredo Alvarado ya fitar da nasa ma'aunin a 1986, Madan Samuel kuma ya fitar da na yara a 2002. Kowanne maki 10 ne. Ana duba ciwon da ya taso daga cibiya ya koma ƙasan ciki ta dama, da amai, da rashin cin abinci, da zazzaɓi, da yawan fararen ƙwayoyin jini. A ma'aunin Alvarado, maki 7 zuwa sama na nuna mai yiwuwa afendis ne, 4 zuwa ƙasa kuwa da wuya.

A Anka da Gummi da Bukkuyum na jihar Zamfara, dole a haɗa makin da sanin cututtukan yankin da kan yi kama da ciwon afendis. Taifod kan huda hanji, gubar dalma kuma, wadda ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010, tana murɗa ciki. Makin na taimaka wa ma'aikacin lafiya ya gaggauta tura yaro inda ake tiyata, amma ba ya maye gurbin gwajin likita da hoton ciki.