Daga Nokia mai tocila zuwa Android: me ake nufi da "sauƙin" waya a Sae Sabuwa?

Bayan an tashi daga taron iyayen yara a lakwal ɗinmu, wani dattijo ya tsaya jirana a gindin dogon yaro. 'Yarsa ta ci jarrabawar BEPC, za ta wuce lise a Maradi, kuma ya sayar da akuya biyu don ya saya mata salula. Ƙanensa da ke Kano ya ce ya turo kuɗin a samo mata iPhone ta hannu a kasuwar Farm Centre. Babban ɗansa kuwa ya dage a kan Tecno sabuwa. Ya ce da ni, "Malam, ku ne masu boko. Wacce ta fi sauƙi?" Na ce, "Baba, sauƙi ga wa?" Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake.

Ba wasa nake ba. Abin da mutane ke gardama a kansa ba ƙarfen wayar ba ne, uwar manhajar da ke cikinta ce, wato wadda ke tafiyar da komai: ita ke shirya allon, ita ke karɓar sauran manhajoji ko ta ƙi su. Yau biyu suka rage, Android ta kamfanin Google da iOS ta kamfanin Apple. Amma a cikin shekara ashirin da 'yan kai mun ga wasu sun zo sun mutu a hannunmu, kuma duk lokacin da ɗaya ta faɗi, ma'anar "sauƙi" sai ta sauya.

Salula ta shigo Nijar a 2001, shekarar da ta shiga Nijeriya. Kamfanin Celtel, wanda ya koma Zain a 2008 sannan Airtel a 2010, yana cikin na farko. Sai da aka ɗauki shekaru kafin layi ya baro manyan garuruwa ya iso ƙauyuka, kuma na tuna lokacin da ake hawa tudu ko kan amalanke a nemi rezo. Wayar wancan zamani ba ta da wata uwar manhaja da za a yi mata gardama. Nokia 1100, wadda ta fito a 2003, ita ce sarauniya: tocila a kanta, batir ya yi kwanaki, ta faɗi a rairayi a kakkaɓe ta a ci gaba da magana. Sauƙi a lokacin yana nufin kore a ɗauka, ja a kashe. Kuma wannan ɗan abin ya yi aiki. Wata masaniyar tattalin arziki daga Amurka, Jenny Aker, ta bi farashin hatsi a kasuwannin Nijar tsakanin 2001 da 2006, ta gano cewa zuwan waya ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Duk wanda ya taɓa ɗaukar gero zuwa Tibiri ya tarar ya faɗi, alhali a Cadawa yana da daraja, ya san abin da wannan lissafi yake nufi.

Akwai wani abu game da wayar maɓallai da nake so malamai su riƙe, domin zan dawo kansa. Kira yana da tsada, saƙon rubutu yana da arha. Saboda haka wayar kanta tana tura mutum ga haruffa. Daga 2009, ƙungiyar Catholic Relief Services tare da Aker da abokan aikinta sun gwada wani shiri mai suna ABC a ƙauyukan jihohin Doso da Damagaram, inda aka haɗa azuzuwan yaƙi da jahilci da koyon aiki da salula. Manyan da aka koya wa tura saƙo sun fi takwarorinsu na sauran azuzuwa maki a rubutu da lissafi. Dalilin ba boyayye ba ne. Wanda ya koyi harafi da yamma, yana da abin yi da shi da dare: ya rubuta wa ɗansa da ya tafi ci-rani, ya nemo sunan dillali a jerin lambobi.

Wayoyi masu uwar manhaja ta gaskiya da muka fara gani su ne Nokia masu Symbian, irin su N70 da E71, galibi a hannun ma'aikata da 'yan kasuwar da ke zirga-zirga ta Ɗan Isa da Jibiya. A Nijeriya BlackBerry ta yi tashe sosai, har lambar PIN ta zama abin taƙama tsakanin samari da 'yan mata. A nan ba ta yi saiwa ba, domin tana son kuɗin intanet na wata-wata. Can nesa kuwa an riga an yanke wa dukkansu hukunci ba mu sani ba. Steve Jobs ya nuna iPhone ta farko a Janairun 2007, wayar Android ta farko ta fito a 2008. A 2011 Nokia ta juya wa Symbian baya ta rungumi Windows Phone, a 2014 Microsoft ta saye ɓangarenta na waya, kuma ita ma Windows Phone ba ta yi tsawon rai ba.

Mu ba ta jarida muka ji labarin mutuwarsu ba, ta WhatsApp muka ji. A 2017 manhajar ta daina aiki a kan Symbian da BlackBerry, a ƙarshen 2019 ta bar Windows Phone. Waya lafiya lau, allo bai fashe ba, batir yana riƙe caji, amma ta zama kamar rijiyar da aka ɗauke wa guga. Wannan ne ya koya mini cewa uwar manhaja ba ta rayuwa da kyanta, tana rayuwa ne da abin da jama'a ke yi a kanta.

Abin da ya ba Android ƙasar nan ba Google ba ce ita kaɗai. Wani kamfanin Sin ne mai suna Transsion, wanda aka kafa a 2006, mai Tecno da Itel da Infinix. Google ta bar Android a buɗe, kowane kamfani ya ɗauka ya ɗora a wayarsa, mai tsada ko mai arha. Apple kuwa ta rufe tata, ba a samun iOS sai a cikin iPhone. Transsion ta ɗauki Android ta dubi yadda mutanen Afirka ke rayuwa: gurbin layi biyu ko fiye, babban batir, lasifika mai ƙara, kyamara da aka saita don baƙar fata, da farashin da mai akuya biyu zai iya. Zuwa 2017 ta wuce Samsung a yawan wayoyin da ake sayarwa a Afirka. Ku dubi maganar layi biyu kawai. Mutumin da Airtel ke kamawa a gida, Moov ko Zamani a gona, in ya tsallaka iyaka kuma yana son layin Nijeriya, me zai yi da waya mai gurbi ɗaya? Sai a 2018 iPhone ta fara karɓar layi biyu, shi ma a yawancin ƙasashe na biyun ba kati ba ne da za ka cire ka ba maƙwabci aro.

Haka maganar tura abu ba tare da intanet ba. Karatun malamai, waƙoƙi, fina-finan Kano, hotunan biki, duk ta katin memori da Bluetooth da Xender suke yawo daga hannu zuwa hannu. iPhone ba ta da gurbin memori, kuma Bluetooth ɗinta ba ya miƙa wa Tecno waƙa. Sai batir. Wutar da Maradi ke sha tana zuwa ne daga Katsina ta layin da ya bi ta Gazawa. Da Nijeriya ta yanke ta a Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, har zuwa Maris na 2024, mutanen birni suka ɗanɗana abin da mu na ƙauye muka saba: kai waya wajen mai caji, a biya, a jira. A waɗannan watanni babu wanda na ji yana tambayar kyan hoto.

Kada a ce na yi son kai. iPhone tana da nata. Tsarinta iri ɗaya ne a kowace waya, wanda ya iya ɗaya ya iya duka, ga shi ana sabunta ta shekaru da yawa, kuma yana da wuya yaro ya cusa mata manhajar banza daga wani lungu. Android mai arha kuwa bayan shekara guda sai ta fara nishi, wuri ya cika, tallace-tallace su riƙa faɗowa. Amma iPhone ɗin da ke iso mana ta hannu ce, batirinta ya gaji, wani lokaci a kulle da asusun mai ita na farko, wanda babu mai gyaran da zai buɗe ta hanyar gaskiya. In allonta ya fashe, kuɗin gyara ya sayi wata wayar. Ita ma Android tana da irin wannan tarko: yaron shago ne ke buɗe wa mutum asusun Google, ya sa kalmar sirrin da shi ma zai manta kafin la'asar. Na san iyaye da yawa da suka rasa lambobi da hotunan mamatansu ta haka.

To ga inda abin yake damuna a matsayina na malami. A 2013 WhatsApp ta kawo saƙon murya. Babu wani sauƙi da ya kai wannan, kuma ba zan raina shi ba: tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana danna wuri ɗaya ta yi wa jikanta magana a Agadas ko Legas. Amma turawar nan da wayar maɓallai ke yi wa mutum zuwa ga harafi ta tafi. Ɗalibaina na ajin ƙarshe suna iya wuni a kan waya ba su rubuta jimla ɗaya ba. In sun rubuta Hausa kuma, allon rubutun yana kan Faransanci, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, sai "baƙi" ya koma "baki", "ƙafa" ta koma "kafa". Tsofaffin wayoyi ba su da waɗannan haruffa, wannan uzuri ne. Yanzu babu uzurin. Allon rubutu na Gboard yana da Hausa, ƙara ta kawai ake yi a cikin saiti, aikin minti biyu. Haka Family Link a Android da Screen Time a iPhone, waɗanda ke ba uba damar ƙayyade awannin da yaro zai yi da manhajojin da zai sauke. Suna nan tun 2017 da 2018. A taron iyayen nan na tambayi wa ya taɓa jin sunansu, hannu bai tashi ba. Ban ga laifinsu ba, domin saitin da Faransanci ko Ingilishi yake magana, kuma mai shago bai ga ribar bayani ba.

Na ce wa dattijon ya sayi Android sabuwa mai babban batir, wadda mai gyara a kasuwar Maradi ke da kayanta, ya bar ragowar kuɗin don littattafai. Na kuma roƙe shi kada ya bari a buɗe asusun a shago. Ranar Juma'a ya dawo da wayar a kwalinta, yarinyar tana biye da shi. Muka buɗe asusu, ta rubuta kalmar sirrin a takarda da hannunta, uban ya ninke ya sa cikin hularsa. Na ƙara Hausa a allon rubutu, na ce ta rubuta wa yayanta cewa ta ɗauki wayar. Ta daɗe tana neman ɗ. Da ta same shi ta nuna wa uban, ya kalli allon ya ce, "Wannan mai ƙugiyar fa, shi ma harafi ne?"