Ramukan Hahotoe da Hakkin Ƙasa

Arewa maso gabas da birnin Lome, tafiyar kamar kilomita 40, akwai wani gari mai suna Hahotoe. Mutanensa manoma ne tun kaka da kakanni, masara da rogo ne abincinsu. A shekara ta 1952, sa'ad da Faransa take mulkin Togo, masu binciken duwatsu suka tarar da fosfat kwance a ƙarƙashin gonakin yankin, wato dutsen da ake yin takin zamani da shi. Aka kafa kamfani, a 1961 kuma aka fara fitar da shi zuwa ƙasashen waje.

Fosfat ɗin ba a sama yake ba. Sai an kwashe yashi da yumɓu masu zurfin mita da dama kafin a kai gare shi. Daga rami jirgin ƙasa yakan kai shi Kpeme a bakin teku, a wanke shi da ruwan teku, a busar, a loda wa jiragen ruwa. Laka da ta rage kuwa a teku ake zubarwa, har ruwan gaɓar ya rine.

Arzikin ya yi yawa har ya shiga siyasa. Ran 24 ga Janairu 1974 jirgin saman Shugaba Eyadema ya faɗi a Sarakawa, ya tsira da rai, ya ɗora laifin a kan masu kamfanin. Ran 2 ga Fabrairu ya mai da ma'adinin hannun gwamnati. A 1989 abin da aka haƙa ya haura tan miliyan 3, daga baya ya ragu ƙwarai. A 2007 aka danƙa aikin ga kamfanin SNPT.

Amma manomi bai ga wannan riba a gonarsa ba. An ta da ƙauyuka, an bar ramuka da tuddai. Ƙasar sama mai rai, wadda ganye da saiwa suka yi shekaru suna ginawa, ta binnu a ƙasa, matacciyar ta hau bisa. Akwai kuma abin da ido ba ya gani. Wannan dutse ya samu ne a gindin teku tun zamanin dā, tare da shi kuwa akwai kadmiyam, ƙarfe mai dafi wanda yake lalata ƙoda, da fuloraid wanda yake ɓata haƙora da ƙashi in ya yi yawa. Masana na Jami'ar Lome, irin su Kissao Gnandi, sun auna ƙasa da laka da kifin yankin, suka sami waɗannan abubuwa a ciki.

Saboda haka cike rami kaɗai bai isa ba, sai an gwada. Akan ɗebo ƙasa daga sama da kuma daga zurfi, wuri dabam dabam, a shanya, a tankaɗe, a kai ɗakin gwaji. Can ake sanin tsaminta, da abincin shuka da ya rage mata, da yawan dafin da saiwa za ta iya sha. Sa'an nan a san inda za a shuka abinci, da inda itace kaɗai ya dace.

Mutanen Jos sun riga sun koyi wannan darasi a filayen kuza. Bayan dokar ma'adinai ta 1946 aka baje wasu tuddai, aka dasa itatuwan turare. Da aka gwada ƙasar a shekarun 1980, sai aka ga ta ƙara tsami. Manoman lambu da suka riƙa zuba toka da sharar gari su ne suka fi farfaɗo da ita.

Littafin Farawa ya nuna Allah ya sa mutum a gona domin ya noma ta, ya kuma kiyaye ta, Littafin Firistoci kuwa ya ba ƙasa hutu a shekara ta bakwai. Masu bi da suke zaune a Adidogome da Zango suna cin garin rogo da kifi daga kasuwannin Lome, don haka maganar ba ta mutanen Hahotoe kaɗai ba ce. Duk iyalin da aka mayar wa tsohon filin haƙa, ya kamata su nemi a gwada shi, a karanta musu sakamakon da harshen da suke ji, kafin su kai iri.