Kuɗin Jam'iyya da Sha'anin Asibiti a Ƙasar Zamfara

A ƙasashen da jam'iyyun siyasa ke ci daga aljihun magoya bayansu akwai wata dabara da magoya bayan kan yi in shugabanni sun yi musu kunnen ƙashi, watau su ɗaure bakin jaka, su ce ba sauran gudummawa sai an biya musu bukata. Ba a san wannan dabara a Gusau ko Tsafe ko Bunguɗu ba, alhali kuwa ba inda ya fi su bukatar a gyara sha'anin asibiti. Dalilin haka yana cikin tarihin yadda kuɗi ke shiga jam'iyya a ƙasar nan, da kuma hannun wanda suke fitowa.

Kafin a shiga wannan tarihi ya kamata mai karatu ya ga yadda abin yake a inda aka saba yinsa. A Amurka, cikin 2009, Shugaba Barack Obama ya kai wa majalisa shirin gyaran inshorar lafiya. Ƙungiyoyin ƙwadago da sauran masu ba jam'iyyarsa ta Dimokurat kuɗi suka nace lalle a sa inshora ta gwamnati a ciki, wadda za ta yi takara da ta kamfanoni, suka kuwa yi kashedi cewa duk wakilin da ya juya mata baya kada ya sa rai da taimakonsu. Majalisar Wakilai ta yarda da ita, amma Majalisar Dattawa ta cire ta a watan Disamba, aka sa wa dokar hannu ran 23 ga Maris 2010 ba tare da ita ba. Sai ƙungiyoyin suka huce a kan Sanata Blanche Lincoln ta jihar Arkansas, suka kashe wajen dala miliyan 10 don su kayar da ita a zaɓen fid da gwani. Ta sha da ƙyar a watan Yuni, amma a babban zaɓe na Nuwamba ta faɗi.

Bayan shekara bakwai sai ga abin ya juyo ta ɗaya gefen. A watan Yuni 2017 wani attajirin Texas, Doug Deason, ya faɗa a fili cewa ya rufe asusunsa ga 'yan jam'iyyar Rifablikan har sai sun rushe dokar Obama sun kuma rage haraji. Ran 28 ga Yuli aka jefa ƙuri'a a Majalisar Dattawa, masu son rushewa suka sami 49, masu ƙi 51, cikinsu har da John McCain ɗan jam'iyyar. Ragin haraji kuwa, wanda ya fi kusa da zuciyar attajirai, sun same shi a watan Disamba. Ashe ko a can ma ɗaure bakin jaka ba kullum yake biyan bukata ba. Amma dai yakan tsorata 'yan majalisa, don sun san da kuɗin waɗannan mutane suke yaƙin neman zaɓe.

To, a ƙasar Zamfara an taɓa yin zamanin da jam'iyya ke rayuwa da kwabban talakawa. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta taso daga Zariya ta ratsa Gusau ta kai Ƙauran Namoda a 1929, Gusau ta zama babbar kasuwar gyaɗa da auduga ta Lardin Sakkwato. Kayan Tsafe na shigowa ta hanyar Funtuwa, na Bunguɗu ta hanyar Sakkwato, baƙi kuma suka cika garin, da 'yan kasuwa da teloli da leburorin tasha da akawunan kanti. Irin waɗannan mutane ba su cika jin tsoron hakimi kamar manomin ƙauye ba, shi ya sa da aka kafa NEPU, Jam'iyyar Neman Sawaba, a Kano ran 8 ga Agusta 1950, ba ta daɗe ba ta sami gindin zama a garuruwan bakin dogo. Kuɗinta na kati ne da karo-karo. In za a yi lacca a tara, in an ɗaure ɗan jam'iyya a kotun alkali a tara a biya tara, a kuma kai wa iyalinsa hatsi. Duk da haka ba su isa ba, sai da ta ƙulla ƙawance da NCNC a 1954 tana samun tallafi daga can.

A nan ne abin ya karkace tun daga tushe. Mutanen da jam'iyyarsu ta dogara da kuɗinsu, jam'iyyar tasu ba ta da mulki. Asibiti da ɗakin shan magani a wancan zamani suna hannun Gwamnatin Jihar Arewa da En'e ta Sakkwato, ba abin da Malam Aminu Kano ke iya ginawa a Tsafe ko da 'yan Sawaba sun hana shi kuɗin kati har abada. Jam'iyyar da ke da mulki kuwa, watau NPC mai alamar fartanya, masu ɗauke da ita su ne ma'aikatan En'e da sarakuna da 'yan majalisa da manyan 'yan kasuwa. Kowane ɗayansu akwai abin da yake tsoron rasawa: wannan albashinsa, wancan rawaninsa, wancan kuma lasin na sayen gyaɗa ko rancen da yake nema daga gwamnati. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba yadda za a yi ɗan kasuwar da lasinsa ke hannun hukuma ya ce da ita ba zai ba da gudummawa ba sai ta ƙara likita a Gusau.

Soja suka rushe jam'iyyu a 1966. Na Jamhuriya ta Biyu ba su daɗe ba, shekara huɗu ce da 'yan watanni. Abin da ya ƙarasa kashe al'adar karo-karo shi ne tsarin Janar Ibrahim Babangida na 1989. Ya ƙi yi wa ƙungiyoyin da mutane suka kafa da kansu rajista, ya ƙirƙiro jam'iyyu biyu, SDP da NRC, gwamnati ta rubuta musu manufa, ta gina musu ofis a kowace ƙaramar hukuma, ta kuma riƙa ba su kuɗin gudanarwa. Nufinsa, in ji shi, a raba siyasa da masu kuɗi. Abin da ya biyo baya shi ne talaka ya koyi cewa jam'iyya wuri ne da ake zuwa karɓa. Ko da aka yanke Jihar Zamfara daga Sakkwato ran 1 ga Oktoba 1996, aka kuma dawo mulkin farar hula a 1999, ruwan ya riga ya sake magudana: kuɗi daga ɗan takara suke gangarowa zuwa ga mai ƙuri'a, da atamfa da taki da buhun shinkafa. A 2022 jam'iyyar APC ta sa takardar neman takarar gwamna naira miliyan 50, PDP ta sa miliyan 21, a lokacin da mafi ƙanƙantar albashi yake naira 30,000 a wata. Jam'iyyar da ke samun irin wannan daga hannun mutum guda, me za ta ji in mutanen Bunguɗu kaf sun ƙi sayen kati?

Ba wai alkawari ne aka rasa ba. A watan Afrilu 2001 shugabannin Afirka sun taru a Abuja sun yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi, Gwamnatin Tarayya kuwa ta yi shekara da shekaru ba ta ko kusanci wannan adadi ba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ce a ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don ƙananan asibitoci, amma sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin. A tsakanin nan, cikin 2017, sanƙarau ya kashe mutum fiye da 1,000 a Nijeriya, Zamfara ce kuwa ta fi kowace jiha jin jiki.

Sau ɗaya dai an ga matsi ya fid da kuɗin magani a ƙasar Zamfara, kuma ba ta ƙofar jam'iyya ya biyo ba. A watan Maris 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka tarar yara na mutuwa a ƙauyukan Bukkuyum da Anka. Da aka bincika sai aka ga gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake dakawa ana niƙawa a cikin gidaje, ƙurar na sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yara fiye da 400 suka rasu. Maganin da ke fid da dalma daga jini ba ya amfani matuƙar yaro zai koma cikin ƙurar, saboda haka tilas a fara kankare ƙasar gidajen a zuba sabuwa. An yi wa ƙauyuka bakwai wannan aiki, aka bar Bagega, wadda ta fi su duka girma, da yara wajen 1,500 suna jira.

A watan Mayu 2012 Gwamnatin Tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850, sa'an nan aka ji shiru wata da watanni. Likitoci suka yi ta kuka a jaridu, ƙungiyar Human Rights Watch ta sa baki, waɗansu samari kuma, cikinsu har da Hamzat Lawal, suka kafa gangamin bin sawun kuɗin, suna ta aika wa Shugaba Goodluck Jonathan saƙo ta Facebook da Twitter har labari ya kai ƙasashen waje. Sanata Bukola Saraki, shugaban kwamitin muhalli na Majalisar Dattawa a lokacin, ya je Bagega da ƙafarsa. Waɗannan samari ba su da kwabon da za su hana PDP, abin da ke hannunsu kunyatarwa ce kawai, ita kuwa ta yi aiki. A ƙarshen Janairu 2013 aka saki kuɗin, a Fabrairu aka fara kankare ƙasa, a watan Afrilu kuma yaran Bagega na farko suka fara shan magani, shekara uku bayan an gano cutar.