Ɗaliban Da Aka Hana Su Ɗauki Fim A Gida

Idan aka ba ɗalibi mai koyon shirya fim aikin gwaji, sau da yawa kan kansa yake juya kyamara: tashinsa da safe, shiga mota, zaman ɗaki shi kaɗai yana tunanin gida. Mutane kan yi wa irin wannan fim kallon aikin wanda ba shi da kuɗi kuma ba shi da labari. To amma fa, mai karatu, da irin wannan ɗan ƙaramin fim ne aka buɗe tarihin finafinan baƙar fatar Afirka, kuma abin da ya jawo hakan wata doka ce ta Turawan mulkin mallaka.

A shekarar 1934 ministan Faransa mai kula da ƙasashen da take mulka, Pierre Laval, ya sa hannu a kan wata doka wadda ta ce babu mai ɗaukar fim a waɗannan ƙasashe na Afirka sai da izinin gwamna, kuma sai an ga labarin da sunayen masu aikin tukuna. A takarda dokar ta hau kan kowa, a aikace kuwa 'yan ƙasa ta fi danne wa, domin ba a ba su izinin. Wannan Laval ɗin dai shi ne aka harbe a 1945 bisa laifin haɗa kai da Jamusawan Hitila, amma dokarsa ta rayu ta bar shi, ba ta faɗi ba sai da aka sami 'yancin kai a 1960. Nijar na cikin ƙasashen da ta shafa.

Ko Bature bai tsira ba. René Vautier, wani saurayi Bafaranshe da bai daɗe da gama makarantar fim ba, an tura shi Afirka ta Yamma ya ɗauko rayuwar ƙauye don a nuna wa 'yan makaranta a Faransa. Shi kuwa ya ɗauko aikin tilas da ƙauyukan da sojoji suka yi wa ɓarna. Fim ɗin, Afrique 50, an haramta shi shekara fiye da 40, shi kuma aka yanke masa ɗaurin shekara guda.

A cikin wannan yanayi ne Paulin Soumanou Vieyra ya taso. An haife shi a 1925 a Porto-Novo, ƙasar Dahomey, wato Jamhuriyar Benin ta yau. Yana ɗan shekara 10 aka tura shi karatu Faransa, yaƙin duniya ya rutsa da shi a can, ya girma nesa da harshen iyayensa. A 1952 ya shiga IDHEC, babbar makarantar koyon fim ta birnin Paris, shi ne kuma baƙar fatar Afirka na farko da ya kammala ta.

Fim ɗinsa na gama makaranta, na 1954, 'yan mintoci ne kawai, sunansa C'était il y a quatre ans, ma'ana shekara huɗu ke nan da suka wuce. Wani ɗalibi ɗan Afirka ne zaune a ɗakinsa yana karatu, sai ya ji kiɗan gida a rediyo, ya miƙe ya ɗan taka, tunaninsa ya koma ranar da ya yi sallama da mutanensu. Can sai budurwarsa Baturiya ta shigo, kiɗa ya koma na Turawa. Iyakar labarin ke nan. Babu bindiga, babu gudu, babu mugu. Amma duk wanda ya san tarihin Vieyra ya san wanda ke zaune a ɗakin nan, kuma ya san cewa shekarunsa na rabuwa da gida sun ninka huɗu sau da yawa.

Bayan haka shi da abokansa, Mamadou Sarr da Jacques Mélo Kane da Robert Caristan, suka kafa 'yar ƙungiyarsu ta masu fim 'yan Afirka. Burinsu su je gida su ɗauki fim, dokar Laval ta tare hanya. Tun da an hana su zuwa Afirka, sai suka nemi Afirkar da ke kusa da su. A 1955 suka fito da Afrique sur Seine, wato Afirka a bakin kogin Seine, kogin da ya ratsa Paris. Baƙi da fari ne, tsawonsa minti 21, an ɗauke shi da ƙaramar kyamara mai zaren milimita 16, daga baya aka ɗora murya da kiɗa a kai.

Fim ɗin ya fara ne da yara suna wasa a ruwa a Afirka, kuma abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, hotunan nan aro ne daga haramtaccen fim ɗin Vautier. Wato yarintarsu ma sai da suka ara a hannun wani kafin su nuna ta. Daga nan sai Paris: ɗalibai a unguwar jami'a, hawa bas, zaman shan gahawa, haɗuwa da aboki a titi, cin abinci tare, rawa da dare. A gefe kuma ga baƙin mutum mai sharar titi, ga mai bara, waɗanda Paris ba ta yi wa rana ba. Muryar da ke magana a kan hotunan da "mu" take magana, tana tambayar ko su wane ne su, kuma ina Afirkar take, can inda aka baro ta ko nan inda suke yawo cikin kwat.

A ganina a nan ƙarfin fim ɗin yake. Kafin wannan lokaci, ɗan Afirka a fim abin kallo ne. Ko a Arewacin Nijeriya, majigin da motar En'e ke kawowa ƙofar fada yawanci darasi ne aka shirya mana a kan tsafta ko noma ko biyan haraji, wani ne ke faɗa mana yadda muke. A nan kuwa wanda ke gaban kyamara da wanda ke bayanta jirgi ɗaya ya kwaso su, kuma abin da suka ga ya isa a nuna shi ne yininsu na yau da kullum.

Ba wai fim ɗin ba shi da rauni ba ne. Yabon da yake wa Paris ya yi yawa, fatan zumunci tsakanin baƙi da fari da yake yi kuma ya yi sanyi ƙwarai idan aka tuna a daidai lokacin ana yaƙi a Aljeriya. Masu tarihi ma suna ja a kan kiransa na farko, domin Mamadou Touré na Gini ya yi wani gajeren fim mai suna Mouramani a 1953. Sai dai na su Vieyra ne ya bar baya.

Shekara uku bayan haka, a 1958, Jean Rouch ya fitar da Moi, un noir, inda ya bi wasu samarin Nijar 'yan ci-rani a unguwar Treichville ta Abidjan, daga ranakun aiki zuwa Asabar da Lahadi. Babban ɗan wasan, Oumarou Ganda, ɗan dako ne a tashar jirgin ruwa kuma tsohon sojan da ya yi yaƙin Indocin, shi ya riƙa magana a kan hotunan kansa yadda ta zo masa. Amma kyamarar a hannun Rouch take. Sai a ƙarshen shekarun 1960 Ganda ya karɓe ta ya yi Cabascabo, a 1972 kuma ya zama na farko da ya ci babbar kyautar bikin FESPACO a Wagadugu.

Vieyra kuwa Dakar ya koma, ya shugabanci sashen labaran majigi na gwamnatin Senegal, ya taimaka wa Ousmane Sembène a farkon aikinsa, a 1975 ya wallafa littafin tarihin finafinan Afirka. Ya rasu a 1987 a Paris, birnin da ya fara ɗauka.